Hurtigruten: Tarihin jiragen ruwan da suka raya garuruwan gaɓar arewacin Norwe

A kowace rana da dare, wani jirgin ruwa yakan kwance igiyoyinsa daga tashar birnin Bergen da ke kudu maso yammacin ƙasar Norwe, ya nufi arewa. Sai a rana ta bakwai yake isa Kirkenes, wani ƙaramin gari da ke dab da iyakar Rasha, inda yake yin 'yan sa'o'i sannan ya juyo. Tashoshin da ke kan hanyarsa 34 ne. Wasunsu manyan birane ne, wasu kuwa ƙauyukan masunta ne waɗanda mutanen cikinsu ba su wuce dubu ɗaya ko biyu ba. Sunan wannan zirga-zirga Hurtigruten, wato "hanya mai sauri" a harshen ƙasar, kuma an fara ta ne a 1893. Tana cikin hanyoyin jiragen fito da dakon kaya mafiya daɗewa a duniya waɗanda har yau suke aiki. Mutanen arewacin Norwe sun daɗe suna yi mata laƙabi da "Babbar Hanya ta Ɗaya", domin shekaru da dama ba su da wata hanyar da ta fi ta.

Ƙasar da teku ta zama titinta

Norwe doguwar ƙasa ce siririya, mai yawan duwatsu. Teku ta kutsa cikinta ta dogayen lunguna masu zurfi tsakanin tsaunuka, ga kuma dubban tsibirai a jere a bakin gaɓa. Idan aka auna gaɓar tare da lungunan da tsibiran, tsawonta ya zarce kilomita 100,000. Garin da mutum ke hange a tsallaken ruwa yana iya cin tafiyar wuni guda idan ta tudu za a zagaya. Saboda haka tun fil azal mutanen ƙasar suka zauna a bakin ruwa, suka juya wa tudu baya.

Wani abu ya taimake su. Ruwa mai ɗumi da ke tasowa daga Mashigin Tekun Meziko yana ratsa Tekun Atlantika ya bi gaɓar Norwe har ƙarshenta, shi ya sa tashoshinta ba sa daskarewa ko da a tsakiyar hunturu, alhali yankunan Kanada da Saberiya da ke daidai da su a arewa ƙanƙara ce ke rufe su. Sai dai abin da ruwan ɗumi ya bayar, duhu yakan karɓe. A birnin Tromso rana ba ta fitowa tun daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. A Hammerfest, wanda ya fi shi nisa arewa, duhun yakan kai wata biyu cur. Da bazara kuma lamarin sai ya juye, rana ta ƙi faɗuwa makonni da yawa.

Abin da ya zaunar da mutane a irin wannan wuri shi ne kifi. Daga Janairu zuwa Afrilu wani nau'in farin kifi yakan sauko daga Tekun Barents ya zo tsibiran Lofoten don nasa ƙwai. Masunta kan kama shi, su rataye a kan dogayen katakai, iska mai sanyi ta busar da shi ba tare da gishiri ba. A ƙarshen ƙarni na 19 masunta kimanin 30,000 ne ke hallara a Lofoten a lokacin kamun. Wannan busasshen kifi ba baƙo ba ne a kasuwannin Najeriya: shi ne wanda Ibo ke kira okporoko, Yarbawa kuma panla, kuma Najeriya na cikin manyan masu sayensa har yau, musamman kawunansa.

Ƙarnoni da dama ana kai kifin Bergen ne a cikin jiragen katako masu filafili guda, a sayar wa fatake, waɗanda a zamanin da akasarinsu Jamusawa ne, a juyo da hatsi, domin hatsin da arewa ke nomawa ba ya ciyar da ita. Tafiya ce ta bazara, sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma iska ce ke da ikon ranar tashi da ranar isa. A 1838 gwamnati ta sa jirgi mai aiki da tururi, Prinds Gustav, ya riƙa zuwa arewa daga Trondheim, amma shi ma da bazara kaɗai. Kamfanoni masu zaman kansu sun biyo baya, sai dai jiragensu na tafe ne suna kwana a hanya, don babu matuƙin da ke yarda ya ratsa tsakanin duwatsun nan cikin duhu. Wasiƙar da aka aika daga Trondheim zuwa Hammerfest takan yi mako uku a hanya da bazara, da hunturu kuwa tana iya kai wata biyar.

Kamfas, agogo da littafin rubutu

A 1891 mai bai wa gwamnati shawara kan jiragen tururi, August Kriegsman Gran, ya kawo shawarar a kafa hanya mai sauri tsakanin Trondheim da Hammerfest, wadda jirgi zai riƙa bi dare da rana, bazara da hunturu, bisa jadawali tsayayye. An tuntuɓi manyan kamfanonin jiragen ruwa biyu na lokacin, na Bergen da na Trondheim, suka ƙi. Ba za a ce tsoronsu na banza ba ne. A arewacin Trondheim hasumiyoyin fitila masu nuna wa jirage hanya 28 ne kacal, taswirorin teku kuma ƙalilan ne, ba su kuma cika ba.

Wanda ya karɓi aikin ƙaramin kamfani ne mai suna Vesteraalens Dampskibsselskab, wanda wani kyaftin ɗan asalin Tromso, Richard With, ya kafa a garin Stokmarknes a 1881. With bai shiga lamarin da ka ba. Shi da wani gwanin jagoran jirage mai suna Anders Holte sun shafe shekaru suna rubuta komai a duk tafiyar da suka yi da rana: alƙiblar da kamfas ya nuna daga wannan tsinin dutse zuwa wancan, gudun jirgin, da mintocin da aka ci kafin a karkata. Da waɗannan rubuce-rubuce, matuƙi zai iya riƙe alƙibla guda na ƙayyadadden lokaci yana kallon agogo, idan lokacin ya cika ya juya, ko da ba ya ganin gabansa. Dabarar tsohuwa ce a wurin matuƙan teku. Abin da With da Holte suka ƙara shi ne haƙurin auna kowane lungu na gaɓar da ba ta yafe kuskuren mita kaɗan.

A watan Mayun 1893 gwamnati ta sa hannu kan kwangilar shekara huɗu da kamfanin. Sharaɗin shi ne jirgi ya riƙa tashi sau ɗaya a mako, zuwa Hammerfest da bazara, zuwa Tromso da hunturu, yana ɗauke da wasiƙu, gwamnati kuma ta biya tallafi. Ranar 2 ga Yulin 1893 jirgin Vesteraalen ya bar Trondheim, With na riƙe da shi. Ya isa Svolvaer da ke Lofoten bayan sa'o'i 35 da rabi, sannan ya shiga Hammerfest ranar 5 ga wata da misalin ƙarfe 3:30 na dare, rana na sama tana haskawa, sa'o'i 67 bayan tashinsa. Wasiƙar da ke cin makonni ko watanni ta koma 'yan kwanaki.

Ganin abin ya yiwu, manyan kamfanonin nan biyu da suka ƙi sai suka shigo a 1894. A 1898 aka miƙa hanyar kudu zuwa Bergen, kuma zuwa 1914 ta riga ta kai Kirkenes, inda aka fara haƙar tama 'yan shekaru kafin nan. With, wanda ya zauna a majalisar dokokin ƙasar daga 1910 zuwa 1912, ya dage a yashe wani mashigi marar zurfi mai suna Risoyrenna domin jiragen su riƙa bi ta yankinsu na Vesteralen. An buɗe shi a 1922, shekara takwas kafin rasuwarsa. Daga 1936 jirgi ya fara tashi daga Bergen kowace rana, tsarin da ake kai har yanzu.

Abin da jirgin ke ɗauka

Wasiƙa ce ta haifi hanyar, kuma kowane jirgi na da ofishin gidan waya a cikinsa, inda ma'aikata ke tantance wasiƙu ana tafe. Amma abin da ya fi sauya rayuwar arewa shi ne tabbas. A karon farko ɗan kasuwa a Vardo ya san ranar da fulawa da gishiri da kananzir ɗinsa za su iso. Masunci ya samu damar zuba ɗanyen kifi cikin ƙanƙara ya aika kudu, ya riski jirgin ƙasa a Trondheim tun bai lalace ba, maimakon ya busar da duka ya jira bazara. Majinyacin da ke buƙatar babban asibiti, ɗalibin da zai tafi makaranta, sojan da aka kira aiki, malamin da aka tura ƙauye, duk jirgin ne hanyarsu. Shanu da tumaki sun hau shi, haka ma akwatin gawar wanda ya rasu a nesa da gida.

A zamanin farko jiragen kashi-kashi ne. Attajirai da manyan ma'aikata na da ɗakuna da falon cin abinci, talakawa kuma na can ƙasa ko a sarari tsakanin kaya. A ƙananan garuruwa isowar jirgin ita ce babbar hidimar ranar. Mutane kan sauko bakin tasha ko da ba su da mai zuwa ko mai tafiya, don su ga wa ya sauka, su sayi jarida, su ji labarin kudu.

Ba kowane gari ne ke da tashar da jirgi zai raɓa ba. Berlevag, da ke can gabashin lardin Finnmark, yana fuskantar Tekun Barents ne kai tsaye, babu tsibirin da ya kare shi. Shekaru da dama jirgin kan tsaya a fili, ƙananan kwale-kwale su fito su kwashi mutane da kaya, igiyar ruwa na ɗaga su tana saukewa. Idan teku ta yi fushi sai jirgin ya wuce abinsa, mai sauka ya zarce gari na gaba. An sha gina katangar tare igiyar ruwa, guguwa na rushewa, kamar yadda ta yi a 1959. Sai da aka koma amfani da wasu manya-manyan curin kankare masu ƙafa huɗu, waɗanda ke sarƙewa da juna su karya ƙarfin ruwa, sannan katangar ta tsaya, kuma a shekarun 1970 jirgin ya samu inda zai ɗaure igiya a garin.

Akasarin tafiyar ana yin ta ne a bayan tsibirai, inda ruwa ke kwance. Amma akwai wurare da dole a fita fili: tsinin Stad, da Hustadvika, da Folda, da Vestfjord kafin Lofoten, da Lopphavet, da kusan dukkan gaɓar gabashin Finnmark. Waɗannan sunaye su ne ke yawan fitowa a tarihin haɗurran hanyar.

Shekarun yaƙi

Jamus ta mamaye Norwe ranar 9 ga Afrilun 1940. Jiragen sun ci gaba da aiki, domin in sun tsaya arewa za ta kwana da yunwa. Amma Jamusawa ma sun riƙa cusa sojojinsu da kayansu a ciki, kuma bayan sun kai wa Tarayyar Sobiyet hari a 1941, gaɓar Norwe ta zama hanyar kai kaya fagen daga na Murmansk. Ta haka jirgin da ke kai wa ƙauye fulawa ya zama abin hari a idon Ƙawance. Fentin tutar Norwe da sunan ƙasar da aka yi da manyan baƙaƙe a jikin jiragen bai hana komai ba.

Ranar 23 ga Oktoban 1940 jirgin Prinsesse Ragnhild ya fashe ya nutse jim kaɗan bayan barinsa Bodo, mutane kimanin 300 suka mutu, da yawansu sojojin Jamus. Ranar 13 ga Satumban 1941 jirgin ƙarƙashin teku na Birtaniya ya harbi jirgin da aka sa wa sunan Richard With a gaɓar Finnmark, kimanin mutum 100 suka halaka. Wata guda bayan haka, ranar 17 ga Oktoba, jirgin ƙarƙashin teku na Sobiyet ya nutsar da Vesteraalen, wato ainihin jirgin da ya buɗe hanyar shekara 48 da suka gabata, kuma babu wanda ya tsira. Daga nan kamfanonin suka daina tura manyan jirage gaba da Tromso. Ƙananan jiragen kamun kifi ne suka karɓi aikin kai wasiƙa da abinci Finnmark, suna raɓe-raɓe a bakin gaɓa.

Kudu ma ba ta tsira ba. Ranar 30 ga Satumban 1943 jiragen saman Ƙawance suka kai wa Sanct Svithun hari a kusa da Stad. Jirgin ya kama da wuta ya daki dutse, mutanen ƙauyen Ervik suka fita da kwale-kwalensu cikin haukan teku suka ceto da dama. Mafi ɗaci shi ne abin da ya samu Irma ranar 13 ga Fabrairun 1944 a Hustadvika: ƙananan jiragen yaƙi na sojojin ruwan Norwe da kansu, waɗanda ke gudun hijira suna kai farmaki daga tsibiran Shetland na Birtaniya, su ne suka harbe shi, 'yan ƙasar 61 suka mutu. Gwamnatin 'yan koren Jamus da ke Oslo ta yi amfani da waɗannan asarori wajen farfaganda, har ta buga kan sarki masu hoton jiragen da aka nutsar. An ci gaba da jayayya kan lamarin Irma shekaru da yawa bayan yaƙin.

Kafin a kai ƙarshe, fiye da rabin jiragen da hanyar ke da su a 1940 sun salwanta, tare da ɗaruruwan rayuka. Da sojojin Jamus za su janye daga Finnmark a ƙarshen 1944, sun kwashe dubun-dubatar mazauna da ƙarfi, suka ƙone gidaje, suka fasa tashoshi. A Hammerfest ƙaramin ɗakin ibadar maƙabarta kaɗai ya rage a tsaye.

Ganiyar aiki da farkon ja da baya

Sake gina arewa ya dogara da teku, domin babu wata hanyar kai katako da siminti da dawo da mutane garuruwansu. Kamfanonin suka yi odar sababbin jirage huɗu masu injin dizal daga birnin Ancona na Italiya, waɗanda suka fara aiki a 1949 da 1950, wasu kuma suka biyo baya. Shekarun 1950 zuwa farkon 1960 su ne ganiyar hanyar, lokacin da take ɗaukar fasinjoji kimanin rabin miliyan a shekara, akasarinsu 'yan ƙasa masu tafiya daga gari zuwa gari.

Haɗurra ba su ƙare da yaƙi ba. A Janairun 1958 gobara ta tashi a cikin Erling Jarl yana ɗaure a tashar Bodo, mutum 14 suka mutu. Ranar 21 ga Oktoban 1962 sabon Sanct Svithun, wanda ya gaji sunan wanda aka ƙone a 1943, ya saki hanya cikin dare a Folda ya hau kan duwatsu a kusa da Nordoyan. Matuƙan ba su san sun kauce ba, don haka saƙon neman agajin da suka aika ya ambaci wurin da ba nan suke ba, masu ceto suka yi ta nema a inda babu kowa. Cikin mutum 89 da ke jirgin, 41 suka rasu. Shi ne haɗari mafi muni da hanyar ta gani a lokacin zaman lafiya.

A shekarar ce kuma aka yi bikin isar layin dogo Bodo. Tituna suka ci gaba da miƙewa arewa, ana gina gadoji. A 1964 aka buɗe filin jirgin sama na Tromso, daga 1968 kuma gwamnati ta shiga gina ƙananan filaye masu gajeren titi a garuruwan gaɓa, inda kamfanin Wideroe ke sauka da ƙananan jirage. Lofoten da Vesteralen sun samu nasu a 1972, Finnmark a 1974. A 1982 aka haɗa tsibirin Vardo da tudu ta ramin mota da aka haƙa a ƙarƙashin teku, irinsa na farko a ƙasar. Tafiyar kwana biyu ta koma ta sa'a guda, fasinjoji suka ragu ƙwarai. A farkon shekarun 1980 hukumar gidan waya ta ɗauke wasiƙunta daga jiragen ta mayar kan jirgin sama da mota, duk da cewa an bar su suna ɗaga tutar gidan waya don tunawa da asali.

Kamfanonin suka nemi mafita ta fuska biyu. Jiragen da aka ƙera a 1982 da 1983 an yi musu ƙofa a gefe, ta yadda ƙaramar motar ɗaga kaya za ta shiga ta fito cikin mintoci, motocin fasinja ma su hau, maimakon tsohuwar ƙugiya mai ɗaga kaya ɗaiɗai daga sama. Na biyu kuma, aka juya ga 'yan yawon buɗe ido. Jiragen da suka zo daga 1993 zuwa 2003 manya ne, masu ɗaruruwan gadaje da faluka masu faɗin tagogi, an gina su ne da tunanin baƙon da ya zo daga Jamus ko Ingila ko Amurka don ganin ranar tsakar dare da bazara, ko hasken nan mai launi-launi da ke bayyana a samaniyar arewa da hunturu.

Rigimar tallafi

Tun ranar farko hanyar ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba. Tsayawa a ƙauye da tsakar daren Janairu don sauke fasinja uku da kwali goma ba ciniki ba ne, hidima ce, kuma gwamnati ce ke sayenta. Dalilinta bai tsaya ga tausayi ba. Norwe ta daɗe da manufar kada yankunanta na nesa su zama kufai, balle lardin da ke iyaka da Tarayyar Sobiyet a zamanin yaƙin cacar baka, wanda kuma ke fuskantar tekun da arzikin kifin ƙasar yake.

A farkon shekarun 1990 majalisar dokoki ta amince da kuɗin sabunta jiragen, da fatan cewa bayan shekara goma kuɗin 'yan yawon buɗe ido zai wadatar, a daina tallafi. Fatan bai cika ba. Kamfanonin suka yi ta haɗewa har saura biyu, su ma suka zama ɗaya a 2006 da sunan Hurtigruten. A 2014 wani kamfanin zuba jari na Birtaniya, TDR Capital, ya saye shi, abin da bai yi wa mutanen arewa da dama daɗi ba.

Gizo yana saƙar ne a nan: jirgi guda ne ke ɗauke da baƙon da ya biya kuɗi mai yawa don hutawa, da kuma tsohuwar da za ta ga likita a Hammerfest. Masu suka na cewa kuɗin harajin jama'a na rage wa attajiran baƙi kuɗin shaƙatawa, kuma jadawalin ya fi kula da inda baƙi ke son gani da rana fiye da lokacin da ya dace da 'yan gari. Masu kare tsarin na amsawa da cewa in ba don baƙin ba, tallafin da za a nema don riƙe jirage 11 a kan hanya ya fi haka nesa ba kusa ba. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, sai dai raba lissafin biyun a takarda ya fi sauƙi a kan raba shi a cikin jirgi. Hukumar da ke sa ido kan dokokin kasuwar Turai a ƙasashe irin su Norwe ta binciki lamarin, kuma a 2011 ta yanke cewa wani ƙarin kuɗi da gwamnati ta bai wa kamfanin ya saɓa ƙa'ida. A shekarar ce kuma, ranar 15 ga Satumba, gobara ta tashi a ɗakin injin Nordlys a kusa da Alesund, ma'aikata biyu suka mutu.

Don kawo gasa, a 2018 gwamnati ta raba kwangilar gida biyu: jirage bakwai ga Hurtigruten, huɗu ga sabon kamfani mai suna Havila, daga 2021 zuwa 2030, tare da sharaɗin rage hayaƙi. Jiragen Havila, waɗanda aka ƙera a Turkiyya, suna aiki da iskar gas da manyan batura da ke iya tuƙa su 'yan sa'o'i ba tare da kunna inji ba. Na farkonsu, Havila Capella, ya fara aiki a Disamban 2021, amma bayan 'yan watanni ya maƙale a tasha na wani lokaci, saboda kuɗin gina shi ya fito ne ta hannun wani kamfanin Rasha da takunkumin yaƙin Yukiren ya shafa.

Annobar korona ta 2020 ta nuna ainihin abin da ya rage na tsohon aikin. Da baƙi suka ɗauke ƙafa, aka ɗaure kusan dukkan jiragen, amma aka bar biyu, Richard With da Vesteralen, suna kai da komo tsakanin Bodo da Kirkenes da kaya da 'yan gari. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya san Finnmark da hunturu. Titunan da ke zuwa Berlevag da Batsfjord da Mehamn da Kjollefjord suna ratsa tuddai marasa bishiya, inda dusar ƙanƙara kan rufe hanya, motoci su jira su bi bayan motar share hanya a jere, wani lokaci kuma a rufe ta ɗungurungum na kwanaki. Iskar da ta rufe titi takan hana ƙaramin jirgin sama sauka. A irin wannan rana, idan teku ta bari, jirgin da ke tsayawa minti goma sha biyar a tasha shi ne ke kawo madara da magani, ya kwashi kifi.

Tsofaffin jiragen sun kusa ƙarewa. Lofoten, wanda aka ƙera a 1964 kuma shi ne na ƙarshe mai lodi da ƙugiya, ya bar hanyar ya koma jirgin koyar da ɗaliban aikin teku a kudancin ƙasar. Finnmarken na 1956 an ɗauke shi sukutum daga ruwa an ajiye a gidan tarihin hanyar da ke Stokmarknes, garin da With ya kafa kamfaninsa, kuma a 2021 aka buɗe ginin gilashin da aka lulluɓe shi da shi. Kwangilar da ake kai yanzu za ta ƙare a 2030, kuma tambayar da ke dawowa a duk lokacin sabuntawa ita ce ko za a ci gaba da biyan kuɗin tsayawa kowace rana a dukkan tashoshi 34, ko kuwa a taƙaita tallafin ga arewa mai nisa, inda titi da jirgin sama ba su gama maye gurbin teku ba.